Ka kama kifi da ƙugiya ka mayar da shi ruwa: tausayi ne ko cutarwa?

Sani Hambug:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙara na kawo, kuma wanda nake ƙara yana cikin zauren nan, ƙanena Aminu da ke Ingila. Makon jiya ya kawo mini ziyara, ranar Asabar da asuba muka fita bakin kogin Elbe, ni da fatsa, shi yana kallo tunda ba shi da takardar kamun kifi ta nan. Wajen ƙarfe tara Allah ya ba ni wani kifi da Jamusawa ke kira zanda, mai dogon jiki da haƙora, farin nama kamar na giwan ruwa. Na shimfiɗa shi a kan tef, santimita 68. Na ɗauki ɗan ƙulƙin da nake yawo da shi na buge shi a ka, ya sume, na soka wuƙa a ƙirjinsa, jini ya fita, shi ke nan. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Aminu ya juya mini baya. Har muka iso gida bai ce mini uffan ba, da dare matata ta soya kifin ya ƙi ci. Wai na kashe kifin da ya kamata a ɗauki hotonsa a mayar da shi ruwa. Ni kuma na ce masa a ƙasar nan abin da yake so in yi shi ne laifin. Dokar kare dabbobi ta Jamus, sashe na 1, ta hana a jawo wa dabba ciwo ko wahala ba tare da dalili mai ma'ana ba, sashe na 17 kuma ya tanadi tara ko ɗauri har na shekara uku. Dokar ba ta ambaci masu fatsa da suna ba, amma da ita ake kai su kotu. Ci dalili ne. Kula da lafiyar ruwa dalili ne. Ka huda bakin kifi don nishaɗi da hoto, ba su ɗauke shi dalili ba. A 2002 ma sun shigar da kare dabbobi cikin kundin tsarin mulkinsu.

Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da wannan. Amma maganar Aminu ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ji ta bakin manya.

Aminu Ingila:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka faɗi gaskiya, ban musa ko ɗaya ba, kuma ka yi haƙuri da ƙin cin abincin, na riga na ba Anti haƙuri. Amma bari jama'a su ji nawa ɓangaren. Shekara tara ke nan ina fatsa a Ingila, kuma ban taɓa kai kifin kogi gida ba. A nan idan aka ga ka saka babban kifi a jaka, kallon ɓarawo za a yi maka. Doka ma ta taƙaita abin da za ka ɗauka daga kogi a rana, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi don su yi ƙwai. Muna da tabarma mai laushi da ake jiƙawa a kwantar da kifi a kai, muna jiƙa hannu kafin mu taɓa shi don kada mu goge masa yauƙin jikinsa, akwai har maganin da ake shafa masa a inda ƙugiya ta huda.

Akwai wata kifanya irin ta kaf a wani tafki kusa da Peterborough, sunanta Benson. Ta kai kusan kilo 29. Sau 63 aka kama ta aka mayar, har ta mutu a 2009, jaridu suka buga labarin mutuwarta. Da na farko ya cinye ta, ina sauran mutum 62 za su gan ta? Kifin da Yaya ya kashe, da ya rayu da ya ƙara shekaru yana haihuwa. Wanne ya fi, rauni a leɓe ko mutuwa?

Bashir Kano:
Don Allah jama'a. Mutane na kwana da yunwa, kifin gwangwani ma ya gagari talaka, ku kuna gardamar haƙƙin kifi. Wannan matsalar masu ƙoshi ce.

Hajiya Rabi mai banda:
A'a Bashir ɗana, kada ka ce haka. Ni da kifi na aurar da 'ya'yana huɗu. Shekara ashirin da suka wuce in na je bakin ruwa, tarwaɗa ɗaya sai ta cika min faranti. Yanzu abin da ake kawo mana, sai ka lanƙwasa biyar a tsinke ɗaya kafin ka ce ka yi banda. Maganar wane kifi za a ɗauka wane za a bari, maganar tuwonmu ce. Amma Aminu, tsakaninka da Allah, sau 63? Ni wannan bai yi mini kama da gata ba. Ko akuya ce aka ɗaure ta aka kwance sau 63 don a ji daɗi, ai sai a ce mai ita ba shi da imani.

Aminu Ingila:
Hajiya, ai da tana shan wahala sosai da ba ta kai wannan girman ba. Kifin da ke cikin azaba ba ya cin abinci.

Dakta Zainab:
Aminu, a nan zan ɗan tsaya maka, don wannan fannina ne. Tambayar ko kifi na jin zafi an daɗe ana ja a kanta. A 2002 wani masani a Jami'ar Wyoming ta Amurka, James Rose, ya ce ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ɗan Adam ke jin zafi da shi, don haka fizge-fizgen da yake yi a ƙugiya motsin jiki ne kawai, kamar yadda ƙafa ke zabura in likita ya buga gwiwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 2003, Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka fitar da nasu binciken. Sun gano jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo a fuska da leɓen kifin tirawut. Suka yi wa wasu allurar dafin ƙudan zuma ko ruwan tsami a leɓe. Kifayen suka riƙa numfashi da sauri, suka daɗe ba su koma cin abinci ba, wasu suna goga leɓensu a tsakuwar ƙasan tanki kamar yadda yaro ke murza inda rina ta harbe shi. Har yau akwai masu goyon bayan Rose, amma ni a karatuna hujjar ɗaya ɓangaren ta fi nauyi.

Abu na biyu, ba duk kifin da ya yi iyo ya tafi ne ya rayu ba. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 1992 ya gajiyar da kifayen tirawut kamar yadda fatsa ke gajiyar da su. Waɗanda ba a fitar da su daga ruwa ba, 88 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30, 62 suka rayu. Waɗanda suka yi minti ɗaya cif, 28 kacal. Ka tuna tsawon lokacin da ake ɗauka a ciro ma'auni, a rataya, a gyara tsayuwa, a ce a sake ɗauka hoton bai fito ba. Mai fatsa yana ganin kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse, sai ya koma gida da farin ciki. Mutuwar tana zuwa bayan sa'o'i, a ƙasan ruwa inda ba mai gani. Kaf dai yana da juriya fiye da tirawut, wannan gaskiya ne, shi ya sa Benson ta jure. Zanda ba shi da wannan juriyar, musamman in daga ruwa mai zurfi aka jawo shi.

Sani Hambug:
Na gode Dakta. Abin da aka koya mana ke nan a darasin da ake yi kafin jarrabawa. Nan ba ka samun takardar fatsa sai ka ci jarrabawa: ka san jinsin kifaye, lokacin haihuwarsu, tsawon da doka ta yarda a ɗauka, da yadda ake kashewa ba tare da jan rai ba. Ba a yarda ka saka ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya don ya jawo maka babba ba. Suwizalan ma tun 2008 ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa haramun ne ka fita fatsa da niyyar sakin abin da ka kama.

Aminu Ingila:
To Yaya, faɗa musu sauran. Faɗa musu yadda ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ke bin hotunan mutane a intanet tana kai su ƙara. Klaus Augenthaler, tsohon ɗan bayan Bayern Munich da ya ci kofin duniya a 1990, a 2016 ya kama wata tarwaɗar Turai da ta haura mita 2, ya mayar da ita ruwa, aka kai ƙararsa. Me zai yi da kifi mai tsawon ƙofa? Ya kashe ya zubar? Su waɗannan ƙungiyoyi ba gyaran fatsa suke so ba, so suke a daina ta ɗungurungum, har cin kifin ma. Yau sun hana ni saki, gobe kai za su hana ka ci. Kuma na san abin da masu fatsa na Jamus ke yi: in babban kifi ya zo, sai su ce ya suɓuce daga hannu ya faɗa ruwa. Dokar da ke koya wa mutane ƙarya, akwai gyara a cikinta.

Sani Hambug:
Wannan na suɓucewa gaskiya ne, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kuma ban ce ina tare da PETA ba, ni mai cin kifi ne ɗan masu cin kifi. Amma ka manta abu guda. A nan Hambug tun 2019 an sake doka: zanda daga santimita 45 zuwa 75 ne kawai za ka ɗauka. Wanda bai kai ba, dole ka mayar. Wanda ya wuce 75 ma, dole ka mayar, don manyan mata su ne ke zuba ƙwai mai yawa mai ƙwari. Da nawa ya kai 80, da da hannuna zan sake shi ina murna. Ba sakin nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne ka fito daga gida ba ka da niyyar ci ko kaɗan, sai dai ka ji daɗin fizgar da yake yi yana neman ransa.

Baba Na-Yauri:
Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mini, ni ka faɗi. Na ji duk abin da kunka ce. Ni shekarata ta fi hamsin a ruwa, tun ina riƙon gora ga mahaifina. Ban san hoto ba, ban san ma'auni ba, amma sakin kifi ba Bature ya kawo shi ba. Lokacin da ruwa ya fara cika, kifi na shiga fadama da ciki, in munka ciro uwa cikinta ya kumbura da ƙwai, tsoho na cewa a maishe ta. In yaro ya zo da 'ya'yan ƙarfasa kamar yatsa a ƙwarya, duka yake sha. Akwai gurabun da Sarkin Ruwa ke hanawa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da anka buɗe. Ku dubi Argungu, kogin Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar bikin kamun kifi, shi ya sa ake fitar da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Abin da ya kashe muna ruwa ba fatsa ba ce. Taru ne mai ido kamar gidan sauro, wanda ke kwashe uwa da ɗa da jika. Da masu zuba Gamalin, maganin ƙwari, cikin ruwa da dare, da safe ka iske kifi ya yi fari fat a sama, har kwaɗi da kunkuru. Na taɓa iske gurbin da nake kamu tun ina saurayi an zuba mai magani. Na zauna bakin gaɓa na yi kuka, Allah shi ne shaida. Shekara uku wurin bai dawo ba.

To Aminu jikana, in ka saki don ruwa ya rayu, kai namu ne. Amma ina tambaya, in ba ka son ci, me ya kai ka huda mai baki? Ka zauna bakin ruwa ka kalle shi mana.

Aminu Ingila:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi tambayar nan ta yi mini nauyi. Gaskiyar magana, aikin dare nake yi a wurin ajiye kaya, kwana biyar a mako ban ganin rana. Ranar da na zauna bakin ruwa, ido a kan ɗan tulun fatsa yana rawa, ita ce ranar da kaina ke hutawa. Kallo kaɗai ba ya ba ni wannan. Lokacin da igiya ta miƙe, komai na duniya sai ya fita daga raina. Kuma kuɗin lasisin da muke biya da shi ake gyara koguna, mu ne ke fara kai rahoto in an zuba ƙazanta a ruwa, don mu ne kullum a bakinsa. In an kori masu fatsa, ban san wa zai tsaya wa kogin ba.

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga farko, bari in sa abin da na sani, Allah ne mafi sani. Halaccin kamun kifi ba a ja a kansa. Suratul Ma'ida aya ta 96 ta ce an halatta mana farautar ruwa da abincinsa, don amfaninmu da na matafiya. A lura da kalmar amfani. Sannan a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, farauta don abin da ba wasa ba halal ce. Wato malamanmu na Malikiyya sun yi wannan tambaya ta mene ne dalilinka fiye da shekara dubu kafin majalisar Jamus ta yi ta. A Sahihu Muslim kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, kuma ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yanka a wasa wuƙa a hutar da abin yankan. Abin da Sani ya yi na gaggauta kashewa ya shiga nan. Mu ma a duba kanmu: kifin da ake bari a kwando yana haki a rana har ya mutu, ko tarwaɗar da ake zuba wa gishiri tana da rai tana birgima, wannan ba kyautatawa ba ce, ko da za a ci.

Ta ɗaya ɓangaren, Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, uwar ta zo tana shawagi a kansu, Annabi ya ce wa ya tayar wa wannan hankali saboda 'ya'yanta, ku mayar mata da su. Saboda haka mayar da ƙarami da mai ƙwai, kamar yadda Baba ya faɗa, abin lada ne in sha Allahu. Malam Aminu, ban ce ka aikata haramun ba, makaruhi ba haramun ba ne. Amma tunda kana da iyali, me zai hana ka nemi ruwan da aka yarda a ɗauka, ka kama biyu ka kai gida, hutun ya samu, niyyar ma ta gyaru?

Isuhu Gaya:
Allah ya saka wa Malam. Mu nan Gaya bakin Kwara, matsalarmu ta Baba ce. Amma ina da tambaya ga Dakta. In ƙaramin kifi ya haɗiye ƙugiya har ciki, in na ja sai jini. Mayar da shi ya fi ko in sa shi a miya?

Dakta Zainab:
Malam Isuhu, in jini na fita daga jajayen nan na gefen kai da yake numfashi da su, da wuya ya rayu, ka kai shi miya in dokar wurinku ba ta hana ba. In babu jini amma ƙugiyar ta yi nisa, kada ka ja. Yanke igiyar dab da baki ka sake shi, da yawa suna rayuwa a haka fiye da in an tono ta da ƙarfi. Kuma tsutsar tana da ake sa wa ƙugiya ce ta fi jawo haɗiya, don kifi na ɗaukarta abinci ne na gaske. Ka riƙa ɗaga sanda da wuri da zarar ka ji ya taɓa. Aminu, kai kuma in ba za ka bari ba, ka danne ƙayar ƙugiyar da filaya ta kwanta, ka cire ta kifin na cikin ruwa, kuma in zafi ya yi yawa ka haƙura da fita, don ruwan ɗumi iskarsa kaɗan ce, kifin da ya gaji ba ya farfaɗowa.

Bashir Kano:
Baba, ku yafe ni, na yi gaggawar magana. Labarin Gamalin ɗin nan ya taɓa ni. Ashe kifin da muke saye ma ba mu san yadda aka kama shi ba.

Aminu Ingila:
Allah gafarta Malam, na ji. Ba zan yi alkawarin daina fatsa ba, don ƙarya zan yi. Kuma har yanzu ina ganin kifin Yaya ya fi amfani a Elbe fiye da a kasko. Ƙugiyata dama ba ta da ƙaya, tafkin da nake zuwa ba su yarda da mai ƙaya ba. Amma lissafin Dakta na daƙiƙa 30 bai bar ni na yi barci ba jiya. Na buɗe wayata na duba wani bidiyo da abokina ya ɗauke ni bara ina riƙe da kaf, na ƙirga: minti biyu da daƙiƙa goma kifin na waje, bakinsa na buɗewa yana rufewa, ni ina dariya. Na cire ma'aunin daga jakata. Akwai tafkunan tirawut a nan da ake biya a ɗauki biyu a tafi da su, zan gwada ɗaya a wata mai zuwa.

Hajiya Rabi mai banda:
Sani, shi wannan zandan yana yin banda kuwa, ko naman na farfashewa?

Sani Hambug:
Hajiya, ba shi da mai sosai, in ya daɗe a wuta bushewa yake kamar katako. Jamusawa soya shi suke da fatarsa. Mu dai yaji da citta da tafarnuwa muka shafa masa, aka tsoma a mai. Rabin yana nan a firiza. Aminu, na ce wa Antinka kada ta taɓa shi sai ka dawo hutun Disamba.